Kashi Talatin na Jami'a: Me Za a Koya wa Masanin Abinci a Ƙasar Gero da Wake?

Wanda ya bi hanyar Bichi ko ta Dambatta a tsakiyar damina zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, iyakarsu ɗan layin gamba ko na lalle. Gero da dawa a sama, wake na yaɗo a ƙarƙashinsu, gyaɗa a gefe, ga kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo a tsaitsaye cikin shuka, kowace bishiya da mai ita. Wannan ce ƙasar da Michael Mortimore, Baturen da ya koyar da ilimin ƙasa a Zariya daga baya kuma a Kano, ya soma nazari a kanta tun farkon shekarun 1960. Rahoton da suka fitar da abokin aikinsa Wilson a 1965 ya sa masana a duniya suka san kewayen Kano a matsayin wurin da jama'a suka cika maƙil amma ƙasa ba ta mutu ba. Fili ɗaya ake nomawa kowace shekara babu hutu, ana ciyar da shi da takin dabbobi da tokar murhu da sharar birni da jakuna ke kaiwa a mangala. A shekarun 1990 Frances Harris ta yi aiki da manoman Tumbau a ƙasar Gezawa, ta auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita, ta nuna yadda harawar wake da ta gyaɗa ke riƙe awaki da tumaki da rani, kashinsu kuma ya koma gona da bazara.

Yaran da ake haifa a cikin wannan albarka su ne abin damuwa. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Da aka sake binciken a 2023 zuwa 2024, na ƙasar ya hau zuwa 40. A wannan yanki kasuwar Dawanau take, inda manyan motoci ke lodin hatsi zuwa Nijar da Chadi da kudancin Najeriya. Hatsi na fita, yara na tsumburewa. Dalilan suna da yawa, talauci na kan gaba, kuma babu wani digiri da zai kawar da talauci. Amma akwai ɓangaren da ilimi zai iya taɓawa, kuma ana horar da masu wannan ilimi a jami'o'inmu. Abin tambaya shi ne, me ake koya musu?

Dokar da ta buɗe ƙofa

A watan Disamba na 2022, lokacin bikin cikarta shekara 60, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar da ake kira CCMAS, wadda ta maye gurbin tsohuwar manhajar BMAS ta 2007. Shugaban hukumar a lokacin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed ne, tsohon shugaban Jami'ar Bayero. Manhajar ta shafi fannoni 17 da digiri 238, ciki har da na kimiyyar abinci mai gina jiki da tsara cimar marasa lafiya, aka kuma ce a fara aiki da ita daga zangon karatu na 2023. Babban canjin da ta kawo shi ne rabo: hukuma ta rubuta kashi 70 na abin da za a koyar, kowace jami'a ta cike sauran 30 gwargwadon buƙatar yankinta. A digirin shekara huɗu mai yunit 120, rabon jami'a yunit 36 ke nan, wajen darasin shekara guda cur.

Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi fatali da tsarin a 2023, tana cewa an ƙwace wa majalisun jami'o'i ikon da doka ta ba su na tsara abin da za su koyar. Ƙorafin yana da tushe, ni ma ina ganin kashi 30 ya yi kaɗan. Sai dai yayin da ake wannan taƙaddama, yunit 36 ɗin suna hannu, kuma hatsarin da ke tattare da su a fili yake. Duk wanda ya san zaman kwamitin manhaja ya san kowane malami kwas ɗinsa yake karewa. Idan ba a yi hattara ba, tsofaffin darussan da hukuma ta cire su za a kwaso a zuba a gurbin, a sauya musu lamba, a ce an yi gyara.

Kada a fahimce ni baibai. Kashi 70 ɗin nan dole ne. Wanda bai san yadda jiki ke sarrafa abinci ba, bai san aikin hanta da ƙoda ba, bai iya lissafin ƙididdiga ba, ba masani ba ne, mai ba da labari ne kawai. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala da na yara na Hasiya Bayero suna buƙatar ƙwararrun da za su tsara wa mai ciwon suga ko ciwon ƙoda abincinsa, kuma hawan jini ya daɗe da shiga ƙauye. Jami'ar Bayero, wadda ke ba da wannan digiri, tana da ƙarfi a ɓangaren kimiyyar sinadaran jiki, bai kuma kamata a raunana shi ba. Maganata a kan ragowar take. Ragowar nan ta gonar Kunchi ce da madafin Makoɗa da kasuwar Minjibir.

Shekarar manomi

Darasin farko da zan so a wajabta shi ne na kalandar cimar gidan manomi. Littafi kan koya wa ɗalibi abin da jiki ke buƙata a rana ɗaya, kamar dai ranakun shekara duka iri ɗaya ne. A arewacin Kano ba haka suke ba. Da kaka akwai sabon gero da ɗanyen wake da gyaɗa da kabewa, farashi ya faɗi, manomi na sayarwa don biyan bashin taki da hidimar biki. Da rani maza da yawa sun tafi cin rani, ɗanyen ganye ya ɗauke sai kusa da madatsun Tomas da Watari da Wasai inda ake noman rani, miya ta koma kuka da busasshiyar kuɓewa. Da bazara rumbu ya yi ƙasa. Daga Yuni zuwa Agusta kuma komai ke haɗuwa a kan yaro lokaci guda: hatsin gida ya ƙare, kwano ya yi tsada, aikin gona ya kai ƙarshen nauyinsa, sauro ya yi yawa, ruwan sha ya gurɓace, gudawa ta shigo. Shi ya sa ake rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga ƙananan yara a watannin damina, shi ya sa kuma cibiyoyin kula da tamowa suke cika a daidai wannan lokaci.

Ɗalibin da ya san wannan ba zai ba uwa shawara iri ɗaya a Nuwamba da Yuli ba. A Yuli zai tuna cewa daidai lokacin da rumbu ya bushe ne daji da bakin gona suke cika da tafasa da rama da yaɗiya da zogale da ganyen wake, kuma kwaɗon da aka yi musu da ƙuli-ƙuli abinci ne na gaske. A Nuwamba zai yi magana a kan adana: a ware wa yara kwano kaza na wake da gyaɗa kafin a kai kasuwa, a shanya ganye a inuwa domin rana na cinye sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Zai kuma iya lissafin kuɗi. Bayan janye tallafin mai a Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Gaya wa matar da mijinta ya bar mata kuɗin cefanen da bai kai na kwanon masara ba cewa ta riƙa ba yaro ƙwai da hanta da madara kullum, wannan cin fuska ne, ko da mai faɗa bai nufa ba. A ce wa ɗalibi: ga naira kaza, ga kasuwar Bichi ranar Juma'a, ga gida mai mutum tara, fito mana da cimar mako. Wannan jarrabawa ce da ta cancanci maki.

Malaman da za su koyar da wannan suna nan kusa. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa tana cikin Jami'ar Bayero. Cibiyar binciken noma ta IITA na da gonar gwaji a Minjibir inda aka daɗe ana aikin inganta irin wake. Takwararta ICRISAT na da ofis a Kano, ita ce kuma ta samar da geron Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe da aka saki a Nijar a 2018. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako na Dambatta. Abin da ya rage shi ne manhaja ta sa ɗalibin abinci ya zauna aji ɗaya da ɗalibin noma.

Kimiyyar da ke cikin tukunya

Nan ne na fi ganin gibi, nan ne kuma aka fi samun riba da araha. Ɗauki koko, wanda shi ne abincin farko na mafi yawan jarirai bayan nono. Gasara aka dama da ruwa mai yawa don yaro ya iya haɗiya. Cikin ɗan wata bakwai bai wuce ƙaramin kofi ba, sai ya cika shi da ruwa, ya ƙoshi bai ci komai ba. In aka yi kokon da kauri kuma ya gagare shi. Maganin wannan tsohon abu ne a kimiyya: a jiƙa gero ko dawa ya yi tsiro, a shanya, a niƙa, a barbaɗa ɗan garin a kunu mai kauri. Sinadarin da ke cikin tsiron yana narkar da sitaci, kunun ya tsinke ba tare da an ƙara ruwa ba, yaro ya sha mai yawa a cokali kaɗan. A zuba garin gyaɗa ko na waken suya da ɗan mai, abinci ya zama abinci. Garin da ƙungiyoyin agaji ke koya wa mata haɗawa da sunan Tom Brown bai wuce hatsi da waken suya da gyaɗa ba. Ya kamata kowane ɗalibi ya haɗa wannan da hannunsa, a kan murhun itace, ya auna a ɗakin gwaji ya ga bambancin da idonsa.

Haka batun ƙarancin jini. Binciken 2018 ya samu kashi 68 na ƙananan yaran Najeriya da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa suna fama da shi. Gero na da sinadarin ƙarfe, amma yana ɗauke da wani sinadarin da ke ɗaure shi ya hana hanji tsotsa. Jiƙo da tsimawa da tsiro suna rage wannan ɗauri. Ɗan tsami mai bitamin C, kamar garin 'ya'yan kuka ko lemun tsami, yana taimaka wa jiki ya karɓa, shayi a kan abinci kuma yana hanawa. Surfe mai tsanani na tafiya da amfani cikin dusa. Kanwar da ake jefawa a wake don ya yi saurin nuna tana kashe wasu bitamin na rukunin B, amma matar da ke jefa ta itace take tattali, don haka wanda zai ce ta rage sai ya zo mata da dabarar jiƙa wake tun dare. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon wuta. Bincike ne da aka yi a ƙasar Hausa, kan matan Hausa, ya fi shekara arba'in, kuma ya dace ya zama karatun dole ga duk mai wannan digiri a Kano.

Sai guba. Gyaɗar da ta yi fumfuna na ɗauke da dafin da ke lalata hanta, an kuma danganta shi da tsumburewar yara. Abin takaicin shi ne yadda ake tsince mai kyau a kai kasuwa, rubabbiyar ta zauna a gida ta zama mai da ƙuli-ƙuli da kunun yara. Wake kuma ana zuba masa maganin ƙwari don ya kai bazara. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan magani a jikinsa. Wanda aka hana Turawa ci, mu muke cinye shi. Buhun nan mai leda biyu a ciki, PICS, da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwaro ba tare da magani ba, kuma ana yin sa a Kano. Masanin abincin da bai iya nuna yadda ake ɗaure bakin buhun nan ba, akwai sauran karatu a gabansa.

Akwai kuma aikin da ɗalibai za su yi wa ilimin kansa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, Najeriya ma ta fitar da nata a 2017. Jadawali irin wannan ya fi ƙarfi a kan ɗanyen kaya. Amma mutane ba gram suke ci ba, malmala suke ci da ludayi da dunƙulen fura, kuma yara huɗu a kwano ɗaya. Malmalar tuwon dawa ta gidan Tsanyawa nawa take a ma'auni? Me ke cikin ɗanwake na naira ɗari, ko tubani, ko dambun zogale, ko farar da ake soyawa da hunturu? Kowane aji da ya kammala zai iya barin amsoshin tambayoyi goma irin waɗannan a matsayin aikin ƙarshe, maimakon maimaita tambayar da aka sha yi wa ɗaliban makarantar kusa da jami'a.

Da wa ake magana?

Da Turanci ake koyarwa, da Hausa ake aiki, kuma tsakanin biyun ba wanda ke ɗora ɗalibi a hanya. Uwa ba za ta ce ɗanta na da tamowa ba. Za ta ce haƙori yake yi, ko shawara ce, ko nononta ne ba ya isarsa, ko ya sha ciki domin ta yi kwanika. Kowace daga cikin waɗannan maganganu ƙofa ce, kuma akwai yadda ake shiga ba tare da an kunyata ta ba. Shayar da nono zalla wata shida bai wuce kashi 29 ba a ƙasar nan a binciken 2018, kuma a nan arewa abin da ke karya shi ruwa ne, saboda tausayi: ana ganin zafin Afrilu ya fi ƙarfin jariri. Wasu gidajen har yanzu ana matse dakashi a zubar. Yarinyar da ta yi haihuwar fari ba ita ke yanke hukunci a kan ko ɗaya ba. Uwar miji ce, da ungozoma, da maigidan da ke riƙe da makullin rumbu, da limamin da ake jin maganarsa. Ɗalibar da za ta tsaya gaban tsohuwa ta ce “Iya, abin da kuke yi kuskure ne” ta gama aikinta a gidan tun kafin ta fara. Wadda za ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce “Iya, ku kuka raine mu, ku taya mu duba yaron nan,” ita za a saurara.

Wannan fasaha ce, ana koyon ta, ana kuma iya jarraba ta. A sa kwas guda na ba da shawara da Hausa, da gwajin baki, har ga ɗaliban da Hausa ba harshensu ba ne. Da yawan masu wannan karatu mata ne, kuma wannan babbar dama ce a ƙasar da aka rubuta “ba a shiga” a ƙofar gida.

Damina guda a ƙauye

Dole ɗalibi ya iya aikin ceto: ɗaura tsinken awon damtse, sanin cewa ƙasa da santimita 11.5 ja ne, danna ƙafa don duba kumburi, gwada ko yaro na iya cin abinci, da gane wanda za a tura asibiti nan take. Najeriya ta fara kula da tamowa a cikin al'umma a 2009. Madarar gyaɗar da ake bayarwa, wadda André Briend da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro a Faransa a 1996, ta nuna ƙarfinta a Maradi lokacin yunwar 2005, yanzu kuma har a Kano ana sarrafa ta. Tana ceton rai. Amma kuɗinta daga waje ya fi zuwa, kuma 2025 ta nuna abin da ke faruwa idan masu bayarwa suka janye hannu: ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Katsina a wata shidan farko na shekarar. Digirin da ya tsaya ga rabon ledar madarar gyaɗa ya horar da ma'aikacin aikin agaji ne, wanda aikinsa zai ƙare ranar da kwangila ta ƙare.

Saboda haka sharaɗin da na fi so a ƙara shi ne zama. Kada a ba kowa wannan digiri a Kano sai ya yi damina guda yana kwana yana tashi a gunduma ɗaya ta karkara, a ƙarƙashin asibitin sha-ka-tafi, yana bin gidaje ƙalilan daga shuka zuwa girbi, yana auna yara, yana rubuta abin da aka dafa da farashin kwano. Ba sabon abu ba ne. Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale a arewacin Ghana, wadda aka kafa a 1992, ta ware zangon karatu na uku don ɗalibanta su zauna a ƙauyuka. Makarantar likitanci ta Ilori ma ta daɗe tana tura nata. Muna da tsarin SIWES na koyon aiki, sai dai ya fi kai ɗalibai asibitocin birni da masana'antu. A raba shi biyu, rabi a asibiti, rabi a Bagwai ko Gabasawa, a kuma daidaita lokacin da damina, ko da kalandar jami'a za ta ɗan tanƙwara.

Abin zai ci kuɗi. Akwai masauki, musamman na 'yan mata, da motar malamai masu duba aiki, da ma'auni da allon awon tsayi. Akwai tsaro, domin ƙauyukan kan iyaka da Katsina sun ɗanɗana hare-haren 'yan bindiga, dole a zaɓi wuri da idon basira, a kuma shiga ta hannun hakimai da dagatai. Sannan yunit ba ya faɗowa daga sama: duk abin da aka ƙara, wani aka cire, kuma wasu malamai za su rasa kwas ɗin da suka shekara suna koyarwa. Shugaban sashen da zai yi wannan gyara sai ya shirya wa ɓacin ran abokan aikinsa.

Gwamnatin jiha ma tana da nata kason. Kano na cikin jihohi 12 da suka shiga shirin inganta abinci mai gina jiki na Bankin Duniya, ANRiN, da aka amince da shi a 2018, tana da ƙananan hukumomi 44 da gundumomi 484, kuma aikin abinci a asibitocin matakin farko ya fi faɗawa kan ma'aikatan lafiya na al'umma waɗanda tuni rigakafi da awon ciki suka yi musu yawa. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ita ce za ta ɗauki waɗannan ɗalibai in sun gama, don haka ya dace a ba ta kujera a kwamitin da ke tsara yunit 36 ɗin, tare da ma'aikatar gona, ita kuma ta zo da adadin guraben aikin da za ta buɗe da gundumomin da za ta karɓi ɗalibai a damina mai zuwa.